Quit: yaya aka yi kalma ɗaya ta ɗauki biyan bashi da yafiya a tsohon Turanci?

Zainab Ɗaliba:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Tambaya gare ni ga masu Turanci. A wannan zangon muna karanta wasan Shekspiya na Sarki Henri na Biyar, aka ba mu aikin gida mu juya wani ɗan yanki zuwa harshenmu. Wurin da aka kama mutum uku da suka ƙulla kashe sarkin kafin ya haye yaƙin Faransa, ya dube su ya ce "God quit you in his mercy". Ni quit ɗin da na sani shi ne barin abu, kamar mutum ya bar aiki ko ya bar shan taba. Sai na rubuta "Allah ya rabu da ku cikin rahamarsa". Malaminmu ya ja jan biro a ƙarƙashi, ya rubuta cewa ma'anar ita ce Allah ya yafe muku. Ban gama da wannan ba sai na sake cin karo da kalmar a rubutun Chaucer, wani tsohon marubucin Ingila, can kuma aka ce mana biya take nufi, ko ramawa. Kaina ya ɗaure. Wanda aka biya ai bai yafe ba, wanda ya yafe kuma ba a biya shi ba. Ta yaya kalma ɗaya za ta ɗauki duka biyun?

Auwalu:
Wa alaikumus salam. Ni a ganina kalmomi biyu ne daban suka yi kama a rubutu, kamar garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo.

Malam Habu:
Wa alaikumus salam 'yata. A'a Auwalu, ba irin gari da gari ba ne. Kalma ɗaya ce, saiwarta ɗaya. Kuma ma'anar da Zainab ta sani, ta barin aiki da barin taba, ita ce 'yar auta a gidan.

Kalmar baƙuwa ce a Ingila. Bayan Wiliyam na Normandi ya ci ƙasar da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na manya, Latin ya riƙe rubutun hukuma, Turanci ya saura a bakin talakawa. Ta wannan ƙofa kalmomin shari'a da na kuɗi suka yi ta shigowa. Wajen shekara ta 1200 aka fara ganin quiten a rubutun Turanci. Daga Faransanci ta zo, Faransanci kuma daga quietus na Latin ya samo ta, wato wanda ya samu natsuwa, babu mai tayar masa da hankali. Uwarsu ɗaya da quiet, shirun nan da malamai ke tsawata wa yara da shi a aji.

Aikinta na farko a Turanci shi ne sauke bashi. Daga nan sai saka wa mutum abin da ya yi. Wajen 1300 an riga an fara amfani da ita wurin wanke mutum daga tuhuma. Tashi daga wuri ya zo wajen 1400. Daina yin abu kuwa sai cikin ƙarni na 17. Shekspiya ya rubuta wasan nan wajen 1599, don haka quit ɗin daina abu da kika sani bai ma kankama ba a zamaninsa.

Isuhu Damagaram:
Malam ya yi gaskiya. Mu da muka yi lakwal da Faransanci, iyalin kalmar nan duka suna tare da mu har yau. Quitter shi ne barin wuri. Quittance ita ce takardar shaidar ka biya, kamar ta kuɗin haya. S'acquitter shi ne mutum ya sauke abin da ke kansa, bashi ko wajibi. Acquitter kuma alƙali ya wanke wanda ake tuhuma, kuma da ita ɗin ake cewa an biya takardar kuɗi. In mutum biyu suka gama lissafi babu mai bin wani, sai su ce sun zama quittes. Ban taɓa tsayawa na lura duk gida ɗaya ne ba sai yau.

Barista Hadiza:
Allah ya gafarta Malam, tarihin na karɓa, amma akwai inda nake ja. Sauke bashi, na ji. Wanke mutum daga tuhuma, na ji. To ina yafiyar? Wankewa ba yafiya ba ce. In kotu ta wanke mutum, cewa ta yi ba a tabbatar ya yi laifin ba. Yafiya kuwa sai an tabbatar da laifin, sannan mai iko ya ɗauke hukunci. Shi ya sa a tsarin mulkin Najeriya afuwa ba aikin alƙali ba ce, sashe na 175 ya ba shugaban ƙasa ita, sashe na 212 ya ba gwamna. Mutumin da aka ɗaure a kan ƙarya, in ka ce masa an yafe maka, ka zage shi. Shi so yake a ce bai yi ba. Don haka ina tsoron kada mu koya wa yarinyar nan cewa Turawan da ba su san bambancin ba.

Malam Habu:
Barista, ranki ya daɗe, sun san bambancin sarai. Bari in kai ki inda kalmar ta yi ƙuruciyarta, sai ki yi hukunci da kanki.

A ƙarni na 12 sarkin Ingila yana da baitulmali da ake kira Exchequer. Sunan daga wani mayafi mai gida-gida ya fito, wanda ake shimfiɗawa a kan tebur ana lissafi a kansa, ana matsar da 'yan ƙwayoyi daga gida zuwa gida. Kowace gunduma tana da wakilin sarki mai tara kuɗin gandu da tara da haraji, kusan kamar hakimi. Sau biyu a shekara yake gurfana: lokacin Ista ya kawo wani kaso, ƙarshen Satumba a yi masa lissafin shekara duka. Magatakarda suna rubuta komai da Latin a kan fatun tumaki, a ɗinke su ta sama, a naɗe kamar bututu. Mafi tsufa da ta tsira ita ce ta 1130, zamanin Henri na Ɗaya.

To ga abin da nake so ki gani. Kowane bashi ana rubuta shi da tsari. A fara da cewa wane ana binsa kaza. Sannan a rubuta abin da ya zuba a taska. Sannan, in sarki ya ɗauke masa wani abu, a rubuta in perdonis, wato cikin abin da aka yafe, bisa takardar sarki. A ƙarshe ɗayan biyu: ko a rubuta et debet, har yanzu ana binsa kaza, ko a rubuta et quietus est, ya fita, babu abin da ya rage a kansa. Mutumin da ya ƙirgo kuɗinsa tsaf, quietus est. Wanda sarki ya yafe wa duka bai ba da ko kwabo ba, quietus est. Wanda ya biya rabi aka yafe rabi, shi ma haka. A takardar 1130 yafe-yafen nan suna da yawa ƙwarai, galibi ga manyan fada da malaman coci da na jikin sarki.

Kin ga sun rarrabe. Biya yana da layinsa, yafiya tana da nata, babu magatakardan da zai cakuɗa su ya kwana lafiya. Amma kalmar rufe lissafi ɗaya ce, domin ita ba ta tambayar ta wace hanya aka bi. Abu ɗaya take dubawa: akwai sauran mai ƙwanƙwasa ƙofar mutumin nan, ko babu? Da siffar ta zama aikatau a Faransanci, ta kuma shigo Turanci, sai ta ɗauko hanyoyin biyu. Wanda ake bi yana yin quit da biya. Mai bi yana yin quit da sakin wanda yake bi. Dukansu kawo natsuwar suke yi.

Alhaji Sabo Kwari:
Malam wannan ai littafin shagona ka karanto. Yaro ya ɗauki atamfa bandir biyu bashi, in ya kawo kuɗi in ja layi a kan sunansa. Wani gobara ta cinye masa rumfa, in ce je ka na bar maka, in ja layi a kan sunansa. Layin iri ɗaya ne, biron ma ɗaya. Wanda ya buɗe littafin bayan raina ba zai san wanne ne ya biya ba sai in na rubuta a gefe.

Maman Hanif:
Malam, su wakilan da suka kawo kaso lokacin Ista, me ake ba su shaida? Ko rasit ake rubuta musu?

Malam Habu:
Sanda ake ba su, Maman Hanif. A sami ɗan itace a yi masa yanka gwargwadon kuɗin. Fam dubu, faɗin tafin hannu. Fam ɗari, kaurin babban yatsa. Fam ashirin, ɗan ƙaramin yatsa. Fam ɗaya, ƙwayar sha'ir. Sai a tsaga sandar a tsawonta, mai biya ya tafi da ɓari, taska ta riƙe ɓari. Ranar lissafi a haɗa su, in yankan bai dace ba an san an yi maguɗi. Richard FitzNeal, ma'ajin Henri na Biyu, shi ya bayyana wannan a littafin da ya rubuta kan aikin baitulmalin wajen ƙarshen shekarun 1170. Ba su daina sandunan ba sai 1826. A watan Oktoba na 1834 aka zuba tarin tsofaffin a murhun ɗumama ginin majalisa a Landan don a rabu da su, wutar ta fi ƙarfin murhun, ta cinye mafi yawan ginin.

Barista Hadiza:
Na gode Malam, wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma dole in faɗi abin da ya faɗo mini ina karantawa. Sashe na 36 na tsarin mulkinmu, ƙaramin sashe na 9, ya ce wanda kotu ta riga ta hukunta ko ta wanke a kan laifi ba za a sake gurfanar da shi a kansa ba. Ƙaramin sashe na 10 da ke biye ya ce wanda aka yi wa afuwa shi ma haka. Wanda ya sha hukunci, wanda aka wanke, wanda aka yafe wa, duk ƙofa ɗaya suke fita. Har yau kariyar da lauya ke kawowa a kan wanda aka taɓa wankewa sunanta na tsohon Faransancin kotu ne, autrefois acquit. Na yarda da wannan.

Amma ban sauka gaba ɗaya ba. Yafe kuɗi daban, yafe laifi daban. Misalanka duk na kuɗi ne.

Yohanna Wusasa:
Barista, bari in kawo miki na laifi. A fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki Yakubu, ta 1611, littafin Fitowa sura 21. Aya ta 28 ta ce in sa ya soke mutum ya mutu, za a jajjefe san, amma mai san "shall be quit". Wannan irin wankewar da kike faɗa ce, ba shi da laifi. Amma ki koma aya ta 18 da 19. Mutum biyu sun yi faɗa, ɗaya ya bugi ɗaya da dutse ko da dunƙule har ya kwanta. In wanda aka buga ya tashi ya fita yana dogara sanda, wanda ya buge shi zai zama quit, sai dai ya biya shi lokacin da ya yi asara, ya kuma ɗauki nauyin jinyarsa. Nan laifi ya tabbata, an yi bugun. An ɗauke masa babban hukunci, an bar masa biya. Kalma ɗaya, aya tara tsakani.

Sannan ga mutanen wancan zamanin laifi kansa bashi ne. Addu'ar da Almasihu ya koyar a Matiyu 6:12, a Helenanci basussuka ta ce, a Latin ma debita. Luka 11:4 ya haɗa su a jimla ɗaya: a gafarta mana zunubanmu, domin mu ma muna yafe wa duk wanda muke bi. Fassarar Turanci ta wajen shekara ta 1000 ta ce "forgyf us ure gyltas", laifuffuka. Ta mutanen Wycliffe a ƙarshen ƙarni na 14 ta koma basussuka. Tyndale a 1526 ya sa ƙetare iyaka. Ta 1611 ta sake komawa basussuka. Suna ta kai da komo tsakanin biyun. Jamusanci ma bai wahalar da kansa ba, Schuld ita ce bashi, ita ce laifi.

Auwalu:
To ai mu ma muna da shi ke nan! Saka da saki. Allah ya saka maka, sannan a saki fursuna. Biya da yafewa a kalma ɗaya.

Malam Habu:
Yi a hankali ɗana. Ka faɗe su da baki ka saurara. Sakan da ke cikin "Allah ya saka da alheri" ana jan wasalin farko. Na sakin fursuna gajere ne. Rubutun boko ne ya ɓoye maka bambancin. Wannan karon misalinka na gari da gari ne ya dace.

Maman Hanif:
Ni ba malama ba ce, amma tun ɗazu kalma ɗaya ke yawo a kaina: sallama. In mai Keke Napep ya sauke ni, maigida ya ce wa yaro je ka sallame shi, kuɗi za a ba shi. Lebura ya gama aiki, a sallame shi. Kotu ta sallami mutum. Asibiti ta sallami majinyaci. An sallami ma'aikaci daga aiki. Uba ya gaji da ɗansa ya ce na sallama shi. Ba ita ce quit ɗinmu ba?

Ustaz Nasiru:
Maman Hanif, Allah ya ƙara basira, kin bugi abin a tsakiya. Kuma ki dubi tushenta: sallama daga Larabci take, gida ɗaya da salam, aminci da kuɓuta. Mai keke yana tsaye a ƙofar gida, akwai magana tsakaninku. Ya karɓi haƙƙinsa, ya tafi lafiya, kin zauna lafiya.

A fiƙihu ma zancen nan sananne ne. Malamai suna cewa bashi yana rataye a zimmar mutum, abin nema kuma shi ne bara'atuz zimma, wuya ya kuɓuta. Yana kuɓuta da biya, yana kuɓuta da ibra'i, wato mai haƙƙi ya saki wanda yake bi. Shi kansa ibra'in sun kasa shi biyu. Akwai ibra'ul isƙaɗ, mai haƙƙi ya zubar da haƙƙinsa. Akwai ibra'ul istifa'i, mai haƙƙi ya yi iƙirarin ya karɓi abinsa cikakke. Majalla, kundin dokokin mu'amala na daular Usmaniyya ta Turkiyya da aka tsara tsakanin 1869 da 1876, ta kawo rabon nan ƙarara. Daga wannan tushen ne kuma Larabci ya samo bara'a ta wanda kotu ta wanke. Ba ina cewa Turawa daga Larabawa suka ɗauka ba, babu wannan alaƙar, tasu daga Latin take. Cewa nake mutanen da ba su haɗu a kan kalmar ba sun haɗu a kan fahimtar.

Sai dai ina tare da Barista a abu ɗaya. Kasancewar wuya ya kuɓuta ta hanya biyu bai sa hanyoyin sun zama daidai ba. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce in wanda ake bi yana cikin ƙunci a jinkirta masa har ya samu sauƙi, in kuwa aka bar masa sadaka shi ya fi alheri. An fifita ɗaya a kan ɗaya.

Malam Habu:
Ustaz ka tuna mini. Ita kanta pay ta Turanci, biyan da kowa ya sani, daga pacare ta Latin take, kwantar da hankalin mutum, daga pax, zaman lafiya. Biyan mai bin bashi shi ne lallashinsa ya yi shiru. Quit da pay da sallama, uku ke nan.

Amma kada mu yi wa kalmar ado da yawa, tana da kaifi. Zainab ta ambaci Chaucer, wanda ya rasu a 1400. A labaransa na matafiya zuwa Kantabari, ayari ne ya tashi daga wani masauki a kudancin kogin Landan zuwa ziyarar kabarin Thomas Becket, wani babban limamin coci, suka shirya kowa ya ba da labari a hanya. Barde ya fara, ya ba da labari mai daraja. Mai masauki ya juya wurin wani ɗan zuhudu ya ce ya kawo abin da zai quite labarin barden, ma'ana ya biya shi da kwatankwacinsa, kamar yadda ake rama biki. Sai mai niƙa, a buge, ya kutsa ya ce shi ne zai quite labarin. Kalmar dai ita ce, amma a bakinsa ta zama ƙalubale, ya kawo labarin batsa da aka mayar da wani kafinta wawa. A ayarin kuwa akwai wakilin gandu wanda asalin sana'arsa kafinta ne. Ransa ya ɓaci, ya ce zai quite mai niƙan, ya ba da labarin da aka wulaƙanta wani mai niƙa. Cikin 'yan shafuka kalmar ta tashi daga rama alheri ta koma ramuwar gayya.

Alhaji Sabo Kwari:
Wadda aka ce ta fi gayya zafi.

Isuhu Damagaram:
To ai rama ɗin ma haka take. A rama mari, a rama ziyara, a rama azumi, a rama salla. Fansa ma: kuɗin fansa sakin mutum suke yi, ɗaukar fansa kuwa jini ne.

Zainab Ɗaliba:
Baba Malam, kafin Faransawan su zo, da wace kalma Turawan Ingila suke biya? Ai ba za a ce ba su san bashi ba.

Malam Habu:
Suna da tasu, gieldan, da ƙawarta forgieldan, biya da ramawa. Dokokin Sarki Æthelberht na Kent, wajen shekara ta 600, su ne tsofaffin dokoki da aka rubuta da Turanci, kuma kusan dukansu jerin diyya ne: babban yatsan hannu sule 20, ido sule 50, kowane haƙori cikin huɗun gaba sule 6. Diyyar rai sunanta wergild, kuɗin mutum. Yafewa kuma tana da tata kalmar daban, forgiefan, wadda ta zama forgive, asalinta bayarwa gaba ɗaya, kamar yadda pardon ta fito daga perdonare ta Latin mai wannan ma'ana. To kin ga a Turancin kafin zuwan Faransawa biya da yafewa kowa da ɗakinsa. Baƙuwar ce ta zo ta zauna a tsakar gida.

Ita gieldan ba ta mutu ba, ita ce yield ta yau, sai dai ta koma nufin amfanin da gona ta bayar, ko miƙa wuya. A zamanin Shekspiya akwai sauran tsohuwar ma'anar a gaisuwa, mutum ya ce God 'ild you, daidai da namu Allah ya saka. Mutanen kudancin Jamus da Ostiriya har yau suna godiya da Vergelt's Gott, saiwa ɗaya ce.

Yohanna Wusasa:
Abin da ya faru daga baya kuma rabon gado ne. Acquit ta ɗauki kotu, requite ta ɗauki ramawa, quits ta ɗauki babu mai bin wani, quite ta zama gaba ɗaya, kamar bashin da aka biya babu saura. Aka bar wa quit ɗin tashi da dainawa, irin na Quit India, wato ku bar Indiya, da Gandhi da jam'iyyarsa suka yi wa Turawan mulki a 1942, da irin takardar da mai gida ke ba ɗan haya.

Alhaji Sabo Kwari:
Ku ba ni dama in faɗi wani abu da ya shafe ni. Ranar da mahaifinmu ya rasu, kafin a sallace shi, wana ya miƙe ya yi sanarwar da aka saba: duk wanda yake bin marigayi bashi ya same mu, wanda ya yi wa laifi ya yafe masa. Mutum biyu suka zo bayan kwana uku. Na farko ya kawo takarda da rubutun Baba, muka ƙirga muka ba shi, ya yi addu'a ya tafi. Na biyu dattijo ne, abokin cinikinsa tun suna samari. Ya faɗi adadin, ya fi na farkon yawa nesa ba kusa ba, ya ce ba karɓa ya zo yi ba, ya zo ne ya faɗa a gabanmu cewa ya yafe, don kada watarana mu ga sunansa a littafin Baba hankalinmu ya tashi. Daren nan na yi barci, domin na san babu abin da ya rage a wuyan Baba ta wajen mutanen nan biyu. Amma na farkon ko sunansa sai na yi tunani. Na biyun kuwa duk sallah sai na je gaishe shi har ya bar duniya, yanzu 'ya'yansa nake zuwa wa.

Barista Hadiza:
Allah ya jiƙan su duka, Alhaji. Abin da nake ta faɗa ke nan.

Ustaz Nasiru:
Amin. Allah ya sa sun huta.

Zainab Ɗaliba:
Amin ya Allah. Na gode ƙwarai iyayena, na kwafe komai a littafina. Yanzu ga abin da ya rage mini: me zan rubuta? "Allah ya sallame ku" bai zauna mini ba, kamar kora yake. "Allah ya wanke ku" kuma Anti Barista ta nuna ba daidai ba ne, tunda sun amsa laifinsu a gaban sarki. Ina tunanin "Allah ya sauke muku wannan nauyi da rahamarsa".

Malam Habu:
Ya yi kyau, kuma ya fi kusa da cikin kalmar. Amma Bahaushen da ke tsaye a gaban masu laifi ba haka zai faɗa ba, "Allah ya yafe muku" zai ce, kuma yafe ɗinmu tana cin bashi tana cin laifi. Ki sa ta malaminku a cikin fassarar, ki yi ɗan bayani a ƙasa da zancen quietus est.

Barista Hadiza:
Ki sa yafe ɗin, ƙanwata, amma ki kula da wanda aka jingina wa ita. Sarkin bai ce na yafe muku ba. Allah ya bar wa wannan. Shi da kansa ya ce ba ramuwar kansa yake nema ba, tsaron ƙasa ne ya sa dole ya miƙa su ga doka. A tarihi ma haka aka yi, an kashe su ukun a Southampton a watan Agusta na 1415, kwanaki kaɗan kafin rundunar ta tashi. Don haka kada ki yanke fassarar a kan addu'ar. Ki haɗa da abin da ya biyo ta a layin nan ɗaya: ku saurari hukuncinku.